Jan Fenti a Ƙofar Alhaji Ɗan'azumi

To, ku gyara zama, masu goro a baki su tauna a hankali. Labarin da zan ajiye a gabanku yau ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshensa ba mai tashi sai ya faɗa mini ra'ayinsa.

A wata damina, cikin watan Agusta, kogi ya cika ya haura gaɓa ya shiga garin Kwarin Madaci. Kwana uku ruwa na sauka daga sama, wani kuma na tasowa daga ƙasa. Da ya janye, sai ga gari kamar an taka shi da ƙafa: katangu sun kwanta, rumbuna sun narke, hatsi ya tsira a cikin laka. Waɗanda gidajensu suka faɗi sun san matsayinsu. Abin tsoro shi ne gidajen da suka rage a tsaye, domin ba wanda ya san wanne ne lafiyayye, wanne ne yake jiran mutane su kwanta a cikinsa.

Saboda haka kwamitin agaji ya ɗauki ma'aikata na kwantiragin mako shida, ya raba su uku-uku, ya ce su bi gari gida-gida su duba. Kowane rukuni an ba shi gwangwanin fenti uku. Gidan da aka shafa wa kore a ƙofa, a shiga a kwana. Wanda aka shafa wa ruwan ɗorawa, a gyara tukuna. Wanda aka shafa wa ja kuwa, a kwashe kaya a fita a ranar, a tafi sansanin da aka buɗe a makarantar firamare, inda tuni mutane suka yi maƙil, ga sauro, ga amai da gudawa sun fara kama yara. Don haka in mutanen unguwa suka hango masu fenti sun shigo lungu, sai ka ga hira ta mutu.

Rukunin da labarinmu ya shafa, shugabansa wani ne Sagiru, ɗan shekara talatin da ɗaya. Ya karanta fasahar gine-gine, ya yi shekara shida yana yawo da takardunsa daga ofis zuwa ofis ba a ce masa zauna ba. Shi ne mai tef ɗin awo da takardar rahoto, kuma sa hannunsa kaɗai kwamiti ya sani. Na biyunsu Baba Nomau magini, wanda ya yi shekara arba'in yana kwaɓa ƙasa yana ɗora tubali. Bai yi boko ba, kuma gidansa na cikin waɗanda ruwan ya cinye, iyalinsa suna can sansani. Ta ukunsu Hansatu, wadda ta taɓa yin aikin duba-gari na wucin gadi, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. An sa ta a rukunin ne domin akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure.

A unguwar Tudu akwai gidan Alhaji Ɗan'azumi mai goro, bene ne, an shafe shi da siminti ciki da waje, kuma ruwan bai wuce idon sawu a tsakar gidansa ba. Alhaji mutumin kirki ne. Ranar da kogi ya shigo ya buɗe ƙofarsa ya ce duk wanda ba shi da wurin kwana ya kawo iyalinsa. Mutum sittin da biyu suka taru a ciki, mata da yara da tsofaffi, mazan kuma suna kwana a masallaci da rumfunan kasuwa. Shi kansa Alhajin zaure ya koma da shimfiɗarsa.

Ran Talata layi ya zo kan wannan gida, kuma Sagiru shi kaɗai ne. Baba Nomau ya nemi izini ya je ya tono ƙyauren ɗakinsa daga cikin kango, Hansatu kuma ta kai autanta asibiti da zazzaɓi. Dokar aiki ta ce ba a shafa fenti sai su uku sun duba, amma kwamiti na son gida talatin kullum, rana kuma ta fara yin sanyi. Sagiru ya zagaya gidan ta waje, ya ja tef, ya ari tsani ya hau bangon gabas ya sako zare mai ƙarfe a ƙarshensa, irin wanda ake gane miƙewar gini da shi. Bango a miƙe yake. Ya dubi filasta ba tsaga, ya dubi Alhaji da yake ta sa masa albarka, ya tsoma buroshi ya shafa kore. Kwamiti da ya ga rahoton, sai ya sa gidan cikin jerin mafaka masu aminci, ya ƙaro masa mutum goma sha ɗaya daga sansani. Suka zama saba'in da uku.

Ran Juma'a da hantsi suka biyo ta ƙofar gidan su uku za su wuce unguwar Majema. Baba Nomau yana da wata ɗabi'a, ba ya wuce bango bai taɓa shi ba, kamar yadda makiyayi ke shafa bayan saniya. Ya ɗora tafin hannunsa a katangar zauren Alhaji, sai ya tsaya cak. Ya ƙwanƙwasa da ƙotar cokalin gininsa, ya matsa taku uku ya sake ƙwanƙwasawa, ya kara kunnensa yana saurare.

"Injiniya," haka yake kiran Sagiru, "wa ya shafa koren nan?"

"Ni ne, Baba. Ran Talata na auna shi, a miƙe yake sambal."

"A miƙe yake, amma riga ce kawai ta siminti. Abin da ke cikinta ƙasa ce, kuma ta sha ruwa ta ƙoshi."

Sagiru ya dake. Ya ce akwai gida ashirin da bakwai na jiransu, su tafi, in sun dawo sa duba. Baba Nomau bai motsa ba. Ya cire takalmansa ya zauna dirshan a ƙasa, ya jingina da bishiyar darbejiyar da ke ƙofar gidan, ya ce su su je, shi nan ƙafarsa ta tsaya, in sun koma su gaya wa kwamiti tsoho ya ƙi aiki, a sallame shi. Ku tuna mutumin nan ba shi da ko ɗaki, wannan aikin kaɗai ke sa wa iyalinsa tukunya a wuta. Mutane suka fara taruwa, hayaniya ta fito da Alhaji. Baba Nomau ya gaishe shi, ya roƙi a bar shi ya fasa filasta gwargwadon tafin hannu. Alhaji ya yi dariya ya ce bismilla. Bugu biyu filasta ta zube. Tsohon ya tura hannunsa cikin bango har wuyan hannu ba tare da ya yi ƙarfi ba, ya ɗebo ƙasar tana ɗiga kamar ƙullun ƙosai, ya kama hannun Sagiru ya zuba masa ita a tafi.

Alhaji ya daina dariya, amma ya ce zaure ai tsohon gini ne, mahaifinsa ya gina shi. Benen da mutane ke ciki kuwa bulo ne da rodi, shi ya gina shi da kansa. Su shafa wa zaure abin da suka ga dama, shi zai koma kwana a shagonsa. Baba Nomau ya ce, "Alhaji, bulo ban san shi kamar yadda na san ƙasa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ruwan da ya hau bangon nan ba daga titi ya zo ba, daga cikin gida yake fitowa. Akwai abin da ke riƙe ruwa a ƙarƙashin gidanka." Iyakar abin da kunnensa da hannunsa suka sani ke nan, bai ƙara ko kalma a kai ba.

Sagiru ya nemi a ba su izinin shiga. Alhaji ya girgiza kai ya ce matan mutane ne a ciki, amana ce a hannunsa, ba namijin da zai wuce labulen nan. Sai Hansatu ta gyara mayafinta ta yi sallama ta shiga. Abin da ya faru a ciki Sagiru bai gani ba, daga baya ya ji shi tun daga fari har ƙarshe.

Matan suka tarbe ta da fara'a wadda ta yi yawa. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa, aka riƙa jan ta zuwa ɗakunan yamma, duk a share, ba tsaga ba danshi. Ɗaki ɗaya ne a kusurwar gabas, ƙarƙashin matakalar bene, aka saki labulensa, aka ce mata mai jego ce a ciki tana barci. Hansatu ta riga ta juya za ta fita. Sai wata mai wanke-wanke ta sheƙar da ruwan kwanuka a tsakar gida. Wanda ya yi aikin duba-gari idonsa ba ya barin ruwa sai ya ga inda ya nufa. Ruwan nan bai bi rariya ya fita ba. Ya yi ɗan jim, ya juyo baya, ya gangara ya shige ƙarƙashin ƙofar ɗakin mai jego.

Hansatu ta ɗaga labule ta shiga. Da gaske akwai mai jego da jaririn kwana biyar, kuma mutum tara ke kwana tare da ita a ɗakin. An jera buhuna a jikin bango, an rataye tabarma a samansu. Hansatu ta janye tabarmar, sai ga tsaga tun daga ƙasa har taga, hannu zai shige ta, an cusa mata tsummoki. Ta yaye ledar ɗakin, daɓen ya lotsa a tsakiya kamar cikin ƙwarya, ya dare gida biyu. Ta ɗauki muciyar da ke jingine ta zura a darewar don ta ji zurfi. Muciya ta suɓuce daga hannunta ta tafi gaba ɗaya, sai can ta ji ta faɗa cikin ruwa, tsulum.

Kafin ta ɗago, an rufe ƙofa, mata sun cika ɗakin. Uwar mai jegon ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta tana kuka, ta ce daga sansani aka kawo su, can ta baro kabarin jikarta 'yar shekara uku, ta dubi girman Allah ta rufa musu asiri. Wata ta ce sun ga tsagar tun ran Laraba, ai ga shi har yau ba abin da ya faru. Wata kuma ta ce in ta fita ta buɗe baki, alhakin duk yaron da ya mutu a sansani yana wuyanta. Ana cikin haka sai wata tsohuwa da ke kwance a lungu, Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin Alhaji, wadda idonta ya daɗe da dushewa, ta ce, "Rijiya ce. Tun ina budurwa akuya ta faɗa ciki ta ruɓe, aka cike ta da shara aka daɓe. Lokacin Ɗan'azumi yana goye, shi bai ma san da ita ba. Ba wanda ya tambaye ni ne."

Suka ƙi buɗe wa Hansatu ƙofa sai da ta ce ta ji, ta yi alkawari ba za ta faɗa ba. Ta fito zaure. Sagiru ya tambaye ta me ta gani. Ita ma uwa ce, ta san sansanin nan, ta san abin da ta baro a bayan labule. Sannan ta ɗaga murya yadda na ciki za su ji, ta faɗi tsaga, ta faɗi daɓe, ta faɗi muciya, ta faɗi rijiya. Ba ta rufe baki ba aka fara jefo mata Allah ya isa daga cikin gida, murya bayan murya, ita kuwa tana tsaye hawaye na zuba ba ta goge ba.

Yanzu magana ta dawo kan Sagiru, domin tsoho ya ji, mace ta gani, amma fentin da ke ƙofa kore ne, kuma ba mai ikon canja shi sai wanda ya sa hannu. Ya koma gefe ya buga wa shugaban kwamiti waya ya zayyana masa komai.

"Kai ka sa hannu ran Talata ko ba kai ba?" in ji shugaban.

"Ni ne, yallaɓai."

"To sansani ba masaka tsinke, ina kake so in kai mutum saba'in? Gobe baƙi za su zo daga birni, gidan nan ne za mu nuna musu. Ka bari ran Litinin babban injiniya ya zo ya duba. In ka taɓa fentin nan, ka kawo mini tef ɗinka da gwangwanayenka, kuma in rubuta cewa rahotonka ba abin dogaro ba ne. Ka ji ni?"

Shugaban ya kashe waya. Shi ma Alhaji ya kafe. Ya ce shi ya kira mutanen nan da bakinsa, yanzu kuma ya kore su zuwa inda ake mutuwa saboda muciya ta ɓata? Gini ya shekara goma sha biyar a kan rijiyar bai motsa ba, sai yau?

Sagiru ya sake aro tsani ya hau bangon gabas ta waje, ya kafa ƙusa a inda ya kafa ran Talata, ya sako zarensa. Ƙarfen ya tsaya yana reto nesa da gindin bango da faɗin yatsa biyu fiye da yadda ya bar shi. Ya ajiye bulo a ƙarƙashinsa, ya ja layi da fensir daidai inda tsinin ƙarfen ya nuna, ya kira Alhaji ya shaida. Alhaji ya ce yatsa biyu ai ko magini na iya kuskurensa. Aka kira sallar Juma'a, suka tafi, suka bar Hansatu a ƙofar gida ba mai yi mata magana.

Sagiru bai san me liman ya faɗa a huɗuba ba. Yana zaune a sahu yana ce wa kansa wataƙila ran Talata ne bai auna daidai ba, wataƙila ginin zai kai Litinin, wataƙila zai kai shekara. Ya tuna shekara shidan da ya yi a bakin ofisoshi, ya tuna mahaifiyarsa da ta bi maƙwabta gida-gida tana albishir ranar da aka ɗauke shi. In ya yi shiru ba wanda zai ce ya yi laifi, umarnin na gaba da shi ya bi. In ya yi magana kuma ginin bai faɗi ba, ya jefa jarirai cikin annoba a banza, kuma sunansa ya mutu a wannan sana'a. Da aka sallame bai tsaya addu'a ba, takalminsa a hannu ya fita.

Iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi, gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin. Ya durƙusa gaban bulon. Tsinin ƙarfen ya bar layin fensir da faɗin yatsa guda. Cikin sa'a ɗaya.

Kafin ya miƙe, mazan matan da ke ciki sun fito daga masallaci, labari ya riga ya kai musu, suka cika ƙofar gida, wasu da sanduna. Sagiru ya buɗe gwangwanin ja. Ya juyo ya fuskance su ya ce, "Jama'a, ni na shafa koren nan, ni kaɗai. Ban jira abokan aikina ba, ban san cikin gida ba, na yi gaggawa na rubuta abin da ban tabbatar ba. Laifina ne, ba na Alhaji ba, ba na kowa ba. Gidan nan a kan rijiya yake, kuma tafiya yake yi." Ya juya ya ɗora buroshi a kan koren. Dutse ya same shi a saman gira, jini ya rufe masa ido ɗaya. Wani ya yi ƙwallo da gwangwanin, fenti ya malale a ƙasa. Ya sunkuya ya dangwali wanda ya zube, da ƙasa da komai, ya ƙarasa shafawa har kore ya ɓace. Sannan ya ratsa mutane ya kama hannun Alhaji Ɗan'azumi, abin da yaro ba ya yi wa babba, ya ce, "Alhaji, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma zo ka ga layin da ka shaida da idonka."

Alhaji ya tsuguna ya dubi layi, ya dubi ƙarfe. Yana cikin dubawa garin siminti ya zubo daga sama ya sauka a kan hularsa. Ya ɗaga kai, ya yi salati, ya miƙe ya daka tsawar da ba a taɓa jin ya yi ba, ya ce kowa ya fito da iyalinsa yanzu-yanzu, kada a tsaya ɗaukar komai. Liman ya ce a buɗe barandar masallaci, masu shaguna suka buɗe sito.

Hanyar fita ɗaya ce, ta cikin zauren nan mai ruɓaɓɓen bango. Baba Nomau ya sa maza huɗu suka ciro azara daga wani kango suka tokare rufin, ya tsaya a ƙarƙashi hannunsa a kan itace yana jin motsinsa. Hansatu ta koma cikin matan da suka tsine mata, ta karɓi jaririn ta sa a mayafi, uwar ta biyo ta ba tare da ta dube ta ba. Ruwa ya kece. Sagiru ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙirga kawuna, jini da ruwan sama na bin fuskarsa, har aka fito da Gwaggo Tabawa a kan tabarma, ita ce ta saba'in da uku.

Sai kuma ba abin da ya faru. Gida na tsaye. Aka yi rabin sa'a, aka yi sa'a guda, yara na kuka don sanyi, tsofaffi na rawar ɗari a barandar masallaci, bene na nan da kyansa cikin ruwa. Gunaguni ya tashi. Wasu maza uku suka taso suka ce za su shiga su ɗauko katifu da barguna, tunda dai an mai da su mahaukata. Sagiru ya buɗe hannuwa ya tare ƙofa ya ce sai dai su bi ta kansa. Na gaba ya cakumi wuyan rigarsa ya ɗaga hannu zai kai masa mari.

A lokacin ne aka ji wani nishi daga cikin ƙasa, irin na babbar dabba. Kusurwar gabas ta nutse, benen ya durƙusa kamar raƙumi, ya yi ɗan jim a haka, sannan ya kife kan tsakar gida gaba ɗaya. Iskar faɗuwarsa ta turo zauren, azarori suka karye, ƙyauren ya fizgo ya watsar da Sagiru da wanda ya cakume shi cikin taɓo a tsakiyar titi. Da ƙura ta kwanta ba a jin komai sai saukar ruwa. Can sai wata mata ta fara salati, gari ya ɗauka. Ba a rasa ko rai ɗaya ba.

Washegari shugaban kwamiti ya zo da baƙinsa ya nuna musu tarin bulo, ya yi jawabi mai daɗi a kan himmar ma'aikatansa, ba a sake tada maganar tef da gwangwani ba. Mako shida suka cika, kwantiragi ya ƙare, aka sallami kowa. Amma abin da ya faru ya sa hukuma ta yanke shawarar ajiye mai duba gidaje na dindindin a garuruwan bakin kogi. Gurbi ɗaya ne tak, ba a raba shi, kuma aka ce daga cikin mutum ukun nan za a ɗauka, ba a duba takarda ba a duba shekaru, dattawan Kwarin Madaci su zauna su ba da suna.

Ranar zaman, su ukun suna kan benci ɗaya a ƙofar gidan mai gari. Sagiru yana son aikin nan kamar ransa, amma in ya dubi dama ya ga tsagaggun ƙafafun tsohon da har yanzu yake kwana a aji, in ya dubi hagu ya ga matar da rabin matan unguwar Tudu suka zo suka nemi gafararta, rabi kuma har yau suke kau da kai in ta wuce, sai ya rasa addu'ar da zai yi. A ciki kuwa murya sai tashi take.

Wasu dattawan suka ce Baba Nomau. Ba don shi ba da an wuce gidan nan an tafi unguwar Majema, ba mai waiwaye. Shi ya ji abin da tef bai ji ba, shi ya zauna a ƙasa ya sa abincin iyalinsa a kan layi alhali ba wanda ya yarda da shi. Aka mayar musu da cewa iyakarsa zaure, da bakinsa ya ce bai san bulo ba, kuma da bai tafi tonon ƙyaurensa ran Talata ba da tun farko ba a shafa kore ba.

Wasu suka ce Hansatu. Da maganar tsoho kaɗai aka bi, da zaure aka shafa wa ja aka bar mutum saba'in da uku a kan bakin rijiya. Ita ta bi sawun ruwan wanke-wanke, ita aka kulle a ɗaki, ita ta zaɓi tsinuwar 'yan'uwanta mata a kan ta yi shiru. Aka mayar musu da cewa ta riga ta juya za ta fita, sa'a ce ta sa aka zubar da ruwa a gabanta, kuma ta ɗauki alkawari ta karya, to wace mace ce za ta sake buɗe mata labule?

Wasu kuma suka ce Sagiru. Jin tsoho da ganin mace duk da sun tashi a banza da bai ƙaryata kansa a gaban jama'a ba. Shi ya saɓa wa na gaba da shi, shi ya kawo hujjar da ta motsa Alhaji, shi ya sha dutse, shi ya tare ƙofa a lokacin da kowa ya gaji da jira. Aka mayar musu da cewa ramin da ya ciro mutane shi ya jefa su ciki, har da ƙarin goma sha ɗaya, kuma bayan ya ji maganar rijiya sai da ya bar su sa'a guda a ciki yana shawara da zuciyarsa.

Sau uku dattawan nan suna zama suna tashi ba suna, takardar hukuma kuma tana nan a gaban mai gari da gurbi ɗaya a buɗe. Ni dai na kawo muku yadda aka yi, ban rage wa kowa ba ban ƙara wa kowa ba. To ku, da alƙalamin a hannunku yake, sunan wa za ku rubuta: Baba Nomau, ko Hansatu, ko Sagiru?